Bakin Dogo Da Mai Jar Riga

Duk ranar Asabar da la'asar falon gidan yakan yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da ihun mutanen cikin talabijin. Auta ta shigo da tiren shayi tana sanɗa, don ta san dokar gidan: idan aka kunna fim ɗin Baba, ko tari ne ya taso wa mutum sai dai ya fita waje.

Fim ne mai dogon zango, na jaruman nan masu tashi sama, amma ba irin na yara ba. Duhu ne da jini tun daga farko, jaruman ma rabinsu azzalumai ne. Mama ta tsane shi. "Wannan ba fim ba ne, mahauta ce!" in ji ta kullum, amma ba ta taɓa tashi ba. Dalili kuwa, tun da katako ya danne ƙafar Baba ya bar aikin kashe gobara, ya daina fita, ya daina hira. Sai da ya ci karo da fim ɗin nan aka sake jin muryarsa a gidan. Akwai wani tsohon jarumi a ciki da Baba ya raɗa wa suna Mai Jar Riga, wanda duk ran da ya ceci wani sai ƙarfinsa ya ragu, amma bai taɓa fasawa ba. Baba yana son mutumin nan kamar tare suka yi aiki.

A irin wannan rana ce Dogo, saurayin Auta mai zanen allon shaguna, ya zo gaishe da Baba kafin manyansa su zo neman aure. Ya zauna a kan kafet, ya sunkuyar da kai, gwanin sha'awa. Sai Baba, cikin jin daɗi, ya nuna talabijin da rimot.

"Yaro, kana kallon wannan?"

Auta ta ɗago kai da sauri. Ta san Dogonta sarai. Mutum ne mai kunya a komai, amma da an taɓo littattafan zane sai bakinsa ya tsinke.

"Kai, Baba! Ai tun yana komik na karance shi kaf! Wallahi ɓata shi suka yi. A littafin ya fi zafi, musamman inda mai jar rigar nan ya ci amanar garin, sai yaronsa ya..."

"Dogo!" in ji Auta.

"...ya kashe shi a kan gada."

Mama ta dafe ƙirji. Baba ya dubi Dogo, ya dubi jaruminsa, sannan ya kashe talabijin ya jawo sandarsa ya shige ɗaki. Kafin magariba hukunci ya fito ta bakin Mama: a gaya wa mutanensa su dakata. Wanda bai iya riƙe sirrin fim ba, shi ne zai riƙe sirrin 'yar mutane?

Washegari Auta ta sami Dogo a shagonsa, hannu duk fenti, yana rubuta allon wani mai aski.

"Sori mana," ya ce. "Amma ai gaskiya na faɗa! Kuma ke ma kin san sizin na biyu shirme ne, sun cika jini sun manta da labari..."

"Innalillahi! Ni ina maganar aurenmu, kai kana maganar sizin!" Ta fizge burushin daga hannunsa. "Ka san me ka yi kuwa? Mutumin da ka kashe a kan gada, shi kaɗai ne yake sa Baba dariya. Tsoho ne da ƙarfinsa ya ƙare wajen ceton mutane. Ba ka ga sandar Baba ba ne?"

Nan Dogo ya yi shiru, shirun da ya kamata ya yi tun jiya.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne Baba ya koma gidan jiya. Asabar ta zo ya ƙi fitowa falo. Auta ta zauna a kicin tana hawaye, haushi kamar ya kashe ta. Wai ita ce aurenta ya maƙale saboda wani ƙato mai jar riga wanda ko a duniya babu shi! Ƙarshe Mama, wadda ta fi kowa ƙin fim ɗin, ita ta kunna shi da hannunta, ta ƙure murya har sai da Baba ya leƙo yana ɗingishi.

Aka zo wurin gada. Mai Jar Riga bai ci amanar kowa ba! Gadar ya tallafe da kafaɗa har mutane suka gama wucewa, hannunsa ya karye. Baba ya ɗaga sanda sama yana kabbara. Auta ta yi ajiyar zuciya, ta ce shi ke nan, an wuce wurin.

"Ashe ga sakin baki ga ƙarya!" in ji Baba. "Yaron nan ƙazafi ya yi wa bawan Allah!"

"Baba, masu fim ne suka canza, a littafin..."

"Ke ma kin fara?"

Ta haɗiye sauran maganar, ta koma kicin ta ɗora kuka daga inda ta tsaya.

Dogo dai bai yi zuciya ba. Duk Asabar sai ya zo ya yi sallama, ya gaishe da Baba daga bakin ƙofa, a amsa masa da ƙyar, ya juya. Da Mama ta gaji da ganinsa a tsaye kamar turken lantarki, ta ce, "Malam, ka bar ɗan mutane ya zauna mana." Aka bar shi ya zauna. Auta tana leƙensa ta labule: duk inda masu fim suka kauce wa littafi sai ta ga muƙamuƙinsa yana motsi, gumi yana tsatso masa, amma ko uffan.

Ranar kashi na ƙarshe, Mai Jar Riga ya shiga wani bene da ke ci da wuta, da hannu ɗaya, ya goyo wata yarinya. Rufi ya fara zubowa. Baba ya danna rimot ya tsayar da hoton.

"Yaro, wannan wurin yana cikin littafin naku?"

"Yana ciki, Baba, sai dai a littafin kafin gadar ne."

"Yarinyar tana fita?"

"Baba, mu kalla tare."

"In ka faɗa min, gobe mutanenka su zo."

Auta ta damƙe labule. Zuciyarta tana cewa faɗi mana, wawa! Dogo ya buɗe baki, ya dubi sandar da ke jingine da kujera, ya rufe.

"Ku yi haƙuri, Baba. Na ɓata muku sau ɗaya. Ko za a fasa ba ni ita, ba zan ƙara ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa rimot, abin da ko Mama ba ta taɓa samu ba.

"Danna mana. Kuma ka tashi daga ƙasan nan ka hau kujera." Ya gyara zama, ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa mutanenka su zo. Amma ban da ranar Asabar."

Auta ta fashe da dariya da kuka a haɗe, har Baba ya daka mata tsawa a kan ta yi wa mutane shiru.

To, samari, ku ji da kyau: ba duk abin da ka sani ne ake so ka faɗa ba, kuma abin da ka raina wataƙila shi ne yake riƙe da zuciyar wani. Baki ne ya kusa raba Dogo da Auta, haƙuri da kame bakin ne suka ba shi ita. Har yau yana nan a kan bakansa cewa littafin ya fi fim ɗin, sai dai yanzu Auta kaɗai yake gaya wa, ita kuwa sai ta toshe kunne.