Wayar da Ta Tare Hanyar Tafki

Ranar da aka gama zagaye kurmin da waya, mai gadin daji ya dawo gida rana na shirin faɗuwa, hannuwansa duk karcen ƙaya. Shekara biyu aka yi ana zama kafin a kai ga wannan rana. Manoma, makiyaya, mata masu itace da mutanen ofishin gandun daji, kowa ya sa hannu a takarda ɗaya: ba sara, ba kiwo, ba wuta, sai kurmin ya farfaɗo. Shi aka ɗora wa tsaron wayar.

Yana wanke hannu a tsakar gida dutse na farko ya faɗo kan kwano, ya gangaro, ya tsaya gaban butarsa. Ƙaramin dutse ne sumul, jiƙe sharkaf, ga shi rabon su da ruwan sama wata biyar.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji matarsa. Ba ta ɗago daga murhu ba.

Kwana shida duwatsu na sauka, kullum da almuru. Yakan tsince su ya jera a bakin taga. A na bakwai, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ta ajiye tsintsiya ta nufi katanga. Ta kafa goshinta a jiki tana tafiya a wuri ɗaya, ƙafa na ɗagawa tana sauka. A janye ta, ta koma. Goshin ya saluɓe. Ruwa ma in an ɗura mata sai ya zubo ta gefen baki.

Uban yana kallon ta kamar 'yar wani ce. Da safe ya tafi ya duba sandunan waya ɗari huɗu da goma sha biyu, ya dawo ya zauna.

Matar ce ta je ta ɗauko malam, wani dattijo mai fama da tari. Ya shimfiɗa buzunsa bayan yarinyar, ya daɗe yana karatu. Sai ƙafafun suka tsaya.

"Wa ke nan?" in ji malam.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a bushe, a gajiye.

"Sai yau aka tambaya. Kun tara masu garma, kun tara masu sanda, har masu ɗaurin itace an ba su kujera. Mu da muka riga kakanninku zama a kurmin, wa ya aiko mana?"

"An yi kuskure, Iya. To yarinya me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Jikokina ma ba su yi komai ba. Mu ba ma tsallake ƙarfe. Tafki na waje, muna ciki. Yadda ka gan ta a katangar nan, haka muke tsaye. A tuge wayar duka."

Malam ya yi tari. "In an tuge, Iya, kafin damina masu gawayi sun sayar da ɗakinki a buhu."



"Kana da baki, mai tari. To a buɗe mana taku bakwai."

"Saniya za ta shige," in ji uban. Maganarsa ta farko ke nan tun shigowar malam. "Taku ɗaya."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Bai dube ta ba.

"Ku ji min ɗan nan," in ji muryar. "'Yarsa na hannuna yana yi min ciniki. Taku biyu. Ran da rana ta faɗi ƙofar nan tana rufe, zan dawo, kuma ba katanga zan kai ta ba."

Yarinyar ta sulale ƙasa. Kafin gari ya gama wayewa uban ya yanke wayar ta fuskar tafki, taku biyu daidai. Ya dawo ya tarar da Auta ta shanye ruwa kofi uku, tana tambayar abin da ya sami goshinta.

A zaman kwamiti ya faɗi gaskiya, bai rage komai ba. Shugaban manoma ya sunkuyar da kai. Na ofis ya ce takarda ba ta da gurbin wannan. Shugaban makiyaya ya ce shi bai ƙaryata ba, amma in an buɗe wa wani don ƙishirwa, shanunsa ma suna jin ƙishirwa. Aka ga yarjejeniyar shekara biyu za ta watse a kan taku biyu. Aka ce a ɗinke.

"To," in ji mai gadin.

Aka ɗinke, ya yanke. A karo na uku aka karɓe kakinsa.

Wanda aka naɗa a madadinsa mutum ne mai ƙwazo. Kullum da safe yana ɗinkewa. Kurmin ya yi duhu, tsuntsayen da suka ɓace sun dawo, baƙi na zuwa daga nesa suna yaba wa kwamiti. Sau biyu aka kwana da tsohon mai gadi a kulle, matarsa ce ta je ta yanke. Sauran ranaku, da inuwa ta karkata, yakan tashi ya sa takalmi. Ta daina tambayar ina za shi. Filayar yanke waya kawai take miƙa masa.