Ni da Kai a Gasa Ɗaya

"Abdul-Kudus! Fito nan!"

Rafi'atu ta tsaya a ƙofar shagon buga takardu da ke unguwar Ayigya Zango a Kumasi, mayafinta ya zame, waya a hannunta. Ɗaliban jami'a da ke layi duk suka juyo.

Ya fito da fara'arsa yana goge tawada a yatsu.

"Rafi'ata... kin gani ko? Sunanki ya fito cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe!"

"Na ga nawa. Na kuma ga naka a ƙasansa!"

Fara'ar ta ɗauke.

Shi ne fa ya kawo mata labarin gasar. Wata ƙungiyar marubuta ce ta shirya ta don masu rubuta labaran al'ajabi, na aljanu, na taurari, na duniyar gobe, kuma shiga kyauta ne. Ita kuwa tun tana sakandare take rubuta irinsu a ɓoye. Shi kaɗai ta yarda ya karanta nata, labarin wani direban trotro, wato bas ɗin haya, da ya kwashi fasinja a tashar Kejetia, ashe aljanu ne, suka wuce da shi Kumasin shekara ɗari nan gaba. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata shi ma yana rubutu ba.

"Salwa ta ce labarina ka sace, sunaye kawai ka canza..." in ji Rafi'atu.

"Salwa?" Ya girgiza kai. Salwa 'yar mai gidan da yake hayar shago ce, ta daɗe tana aiko masa da waakye, shinkafa da wake, yana mayarwa. "Ungo, karanta da idonki."

Ta fizgi wayarsa tana harararsa.

Babu trotro a ciki, babu aljani. Wani saurayi ne aka kai duniyar wata gadin injina, aikinsa kullum leƙen ƙasa, yana neman rufin gida ɗaya a Moshi Zango.

Unguwar su Rafi'atu kenan.

Ta kai ƙarshe, ta kasa ɗago kai.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Kunya, masoyiya. Wanda ya karanta naki, da wane ido zai nuna nasa? In ranki ya ɓaci, yau ɗin nan zan janye."

"Ka janye ka gani!" Ta ɗago tana share ido, dariya na ƙwace mata. "So kake a ce tausayina ka ji? Ka tsaya in kayar da kai a gaban kowa."

"Yoo, ranki ya daɗe!"

'Yan layi suka fashe da dariya, har da masu tafi.

Da Salwa ta ga wannan bai ci ba, sai ta canza hanya. Ta shirya tsaf ta je Moshi Zango, wai gaida Hajiya Mamuna, mahaifiyar Rafi'atu. Kafin la'asar gida ya ɗauki zafi.

"Ɗan sakawa ne, irin masu damfara da tsafin nan, an faɗa min!" in ji Hajiya tana tafa hannu. "Yana sa ki rubuta sunayen aljanu yana turawa a intanet. Ni 'yata za a yi wa tsafi?"

"Mma, wallahi ba haka ba ne..."

"Rufe min baki!"

Alhaji Awalu, mahaifinta, dillalin shanu ne da ba ya son dogon zance. Ya sa aka kira Abdul-Kudus. Yaron ya zo ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, gumi na bin wuyansa.

"Kai ne mai gasar kyauta?" Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "A Kumasin nan ko ruwan leda ba a ba ka kyauta. Me suke nema a wurin 'yata?"

"Baba, labari kawai suke nema. Ba sa karɓar kuɗi, ko pesewa ɗaya, don wanda ba shi da hali ma ya samu shiga. Wadda za a ji tsoro ita ce mai cewa sai ka biya kafin a karanta."

"To aljanun fa?"

"Ƙirƙira ce, Baba. Kamar tatsuniya."

Alhaji ya gyara zama.

"Rafi'atu, karanta min. In na ji abin da bai dace ba, an gama magana."

Ta buɗe labarin a wayarta. Ta fara a hankali. Da ta zo inda kwandasta ya miƙa hannu karɓar kuɗin mota ya ga fasinja da kofato, Hajiya ta ce, "A'uzu billahi!" amma sai ta jawo kujerarta kusa. Da trotro ta tashi sama ta bi ta kan kasuwa, Alhaji ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Rafi'atu ta tsaya shan ruwa.

"Ke! Wa ya ce ki tsaya?" Alhaji ya daka mata tsawa. "Direban ya dawo gida ko bai dawo ba?"

Abdul-Kudus ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Ranar da sakamako ya fito, tana tsakar gida tana wanki ta ji Abdul-Kudus yana kwaɗa sallama kamar gobara ta tashi.

"Rafi'a! Ke ce ta ɗaya! Ta ɗaya!"

"Kai fa?"

"Ni? Ai ko na uku ban zo ba!" Yana faɗa yana dariya har da riƙe ciki.

Ta zube kan tabarma tana kuka. Hajiya ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce dama ita tun ranar farko idon Salwa bai kwanta mata ba.

Sai ga wata sabuwa. A Accra za a ba da kyautar, kuma an gayyaci duk wanda ya kai zagayen ƙarshe.

"Ni ina da shanu a kasuwa, uwarki kuma ƙafa ta hana ta dogon zama a mota," in ji Alhaji fuska a ɗaure. "Budurwa ba za ta bi saurayi Accra daga gidana ba."

"Baba, don Allah..." Hawaye suka cika idonta.

"Ban gama ba." Ya juya ga Abdul-Kudus. "Kana da manya a garin nan?"

"Ina... ina da su, Baba."

"To me suke jira? Ai matar aure ba mai hana ta bin mijinta."

Rafi'atu ta rufe fuska da mayafi ta kwasa ɗaki da gudu.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, mako guda kafin tafiyar.

Da hantsi motar Accra ta bar tasha, lallen amarci bai ko dushe a hannunta ba. Abdul-Kudus ya rungume jakarta a cinya, ya matso kusa da kunnenta.

"Amarya, in an kira ki kan dandamali, za ki ambaci sunana?"

"Zan ambata mana."

"Me za ki ce?"

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Zan ce ga mijina can a baya, ku tafa masa... ya yi ƙoƙari."