Wadda Aka Bari a Hanyar Jirgi

Tun da aka karkatar da sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ta tsohuwar maƙabartar unguwarsu, hankalin Kuramoto mai tuƙa injin haƙa bai kwanta ba, ko da yake an ce an kwashe kaburburan kaf.

Ran nan da magariba abokan aikinsa suka haye sama, ya tsaya kashe injin. Sai ƙamshin turaren jana'iza ya cika ramin. Yana juyawa ya ga wata tsohuwa tsaye cikin laka, farar rigarta ko ɗigon datti babu.

"Iya, ta ina kika shigo? Nan ba wurin yawo ba ne!"

"Ɗan nan, ku ne kuka ɗauke mini maigida?" Muryarta kamar daga cikin tulu. "Gefe da gefe muke kwance. Na farka na laluba, ba ya nan."

Ya ɗaga fitila ya haska ta. Ɓangaren dama na rigarta ne a kan na hagu, ɗaurin da a al'adarsu gawa kaɗai ake yi wa.

"Gobe ta ɗakina injinka zai bi," in ji ta. "Ka kai ni wurinsa, ko ka zauna ka taya ni kwana."