Gafara Dai, Ruwan Zafi

Ke Mubina, tsaya nan! Me kika watsa a bayan ɗaki? Ruwan taliya, tafasasshe, da magaribar nan, bakinki a rufe gum? Ajiye tukunyar ki zo. Sagir, rufe mini haƙoran nan, ba abin dariya ba ne. Hafizu, rage fitilar ka matso. Yau sai kun ji abin da iyayenku suka ƙi gaya muku.

Kun ga tsohuwar motar can da ke gindin darbejiya, wadda kuke hawa kuna murɗa sitiyari, kaji na yin ƙwai a kujerarta? Ku ba ku san ta da rai ba. Ni Uwani na san ta.

Jif ce ta soja. Babana, wato Baffanku Saje, ya saye ta a gwanjo shekarar da ya ajiye kaki. Koriya ce shar, rufinta na tamfol, taya ɗaya a ɗaure a kan bonet, shebur da jarkar ruwa a gefe. Mutanen ƙauyenmu suka sa mata suna Kwaɗo, don ba ta tsoron ruwa, kuma in ta faɗa rami sai ta yi tsalle ta fito. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa, ta ɗauki buhunan gyaɗa. Ba da makulli kaɗai take tashi ba. Sai Baba ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gabanta ya murɗa, ta yi tari uku, sannan ta kama. Har yau in na ji warin fetur haɗe da jiƙaƙƙen tamfol sai zuciyata ta tsinke.

Aibinta ɗaya ne. In ta sha wuya sai ta yi zafi, ruwan lagireto ya tafasa, dole a tsaya a buɗe shi ya zube, a zuba mai sanyi. Baba kuwa ba ya wasa da wannan. Yakan ce ƙasa ba mu kaɗai ke zaune a kanta ba, akwai waɗanda ba ma gani, su ma da 'ya'yansu. Shi sai ya yi bismillah. Ni kuma aikina ne in tsaya in ɗaga murya in ce, "Gafara dai, ruwan zafi!" Sai mu jira kaɗan, sannan ya buɗe. Ina da shekara shida, ina ji da aikin nan kamar an naɗa ni sarauta. Ko ƙanina Ilu ya riga ni faɗa sai na yi kuka.

E, Ilu. Yaya Ilunku mai shagon walda. A lokacin shekararsa uku.

Ranar Talata ce, cikin marka. Bayan la'asar muna gonar gyaɗa, Ilu ya taka kububuwa. Bai ma yi ihu sosai ba. Kafin mu isa gida ƙafar ta kumbura har gwiwa, ramukan haƙoran nan biyu sun ƙi daina jini. Da Inna ta buɗe bakinsa, sai ga jini a dasashinsa. Baba ya duba sau ɗaya, ya ce, "Asibiti. Yanzu."

Ruwa ya cinye gadar babbar hanya tun kwana huɗu. Hanya ɗaya ta rage, ta Fadamar Tsamiya, wadda ko makiyaya ba sa bi in rana ta yi ja. Kaka ta riƙe rigar Baba tana cewa ya bari sai safe. Ya ce, "In na bari sai safe, kabari zan haƙa da safen." Ya murɗa Kwaɗo ta tashi. Inna ta shiga gaba da Ilu a cinya. An ce in zauna a gida, na ɗare baya na ƙanƙame ƙarfen tamfol. Ba wanda ya sami lokacin sauke ni.

Ba zan manta tafiyar nan ba. Taɓo har rabin taya. Baba ya sa ƙaramar giya, mota tana kuka tana ja. Inna ba ta cewa komai sai "Ilu, kalle ni. Ilu, kada ka yi barci." Ilu ya daina amsawa tun kafin mu shiga fadamar.

Muna isa gindin tsamiyar, rana ta faɗi. Nan hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Kwaɗo ta yi tari, ta mutu.

Baba ya diro. Ya naɗe hannu da tsumma, ya ɗaga bonet. Na sauko na tsaya a inda nake tsayawa kullum. Amma idona yana kan ƙafar Ilu da ke lilo ta tagar mota, jini na ɗiga daga yatsunsa. Baba bai yi bismillah ba. Ni ban ce gafara ba.

Ya murɗe murfin lagireto. Ruwa ya yi tsartuwa, ya kwarara ƙasa, faaa.

Sai muka ji ihun yaro.

Ba Ilu ba ne. Ilu ba shi da ƙarfin ihu. Daga ƙarƙashin motar ya fito, siriri, ya tsaga kunne, ya yanke. Kwaɗin fadama da suka cika duniya da kuka duk suka yi tsit. Ko sauro babu.

Baba ya ce, "Innalillahi." Ya juye jarka a lagireto da sauri, ya ba ni tocila in haska, ya zura ƙarfen ya murɗa. Shiru. Ya sake. Ya sake, har tafin hannunsa ya fashe. Kwaɗo ko tari ba ta yi ba.

"Sannunku da aiki."

Mace ce, tsaye a gindin tsamiyar. Doguwa, da baƙin zane, da goyo a bayanta. Ba ta yi sallama ba. Na ga leɓenta ya motsa, amma maganar sai bayan ta rufe baki ta iso, kuma daga ƙasa ta fito, ta wajen ƙafafunmu. Ta matso. Taɓon da ya cinye takalmin Baba bai nuna sawunta ba. Ni gajera ce, tocilata ƙasa take haskawa, ni na fara gani. Diddigenta a gaba, yatsun a baya.

Hafizu, sakar mini zane, ba inda za ni.

Ta ce, "Wa ya zuba?"

Baba ya ce, "Ni ne."

"Kullum in kun biyo nan da rana kukan ce gafara kafin ku zuba, mu kwashe yara. Yau ba ku yi ba."

Baba ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ta tsaya ta saurara har ya kai ƙarshe. Ba ta gushe ba.

Ta ce, "Ni ma na iya ta. Ba zalunci na zo yi ba. Hakkina na zo karɓa." Ta nuna tagar mota da haɓa. "Kun ƙona nawa. Naku ma ya kusa. Ku bar mini shi."

Baba ya durƙusa cikin taɓo. Sajen da ya je yaƙi ya dawo, ya durƙusa. Ya ce, "Baiwar Allah, ni na yi laifi. Ɗauke ni."

"Me zan yi da kai?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni ce mai cewa gafara. Ni ce ban faɗa ba." Kuka ya ƙwace mini. Ta juyo ta dube ni. Idonta ba ya ƙiftawa. Na ji fitsari yana bin ƙafata, kuma ba na jin kunyar gaya muku.

Sai na ji ƙofar mota ta buɗe. Inna ce. Kun san ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ranar ta kira.

"Uwani, zo ki riƙe ƙaninki."

Ta ɗora mini Ilu a cinya, a kan matakin motar. Jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa sama-sama. Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta zaro gwangwanin man kaɗanya, wanda Baba ke ajiyewa saboda Kwaɗo ta saba ƙona masa hannu. Ta nufi matar kai tsaye.

Ta ce, "Sauke shi in gani."

Baba ya ce, "Hajo, lokaci! Yaron nan yana tafiya!"

Inna ba ta waiwaya ba. "Nata ma yana tafiya, Malam."

Matar ta dube ta. Sannan ta kwance goyon a hankali. Ban ga fuskar yaron ba, ta kifa shi a hannunta. Bayansa kawai na gani a hasken tocila, daga kafaɗa zuwa ƙugu ya saɓule, ya yi fari. Yana wani ɗan gunji, irin na wanda kuka ya ƙare masa.

Inna ta lakato mai, ta yi bismillah, ta fara shafawa. A hankali take yi, tana hura masa da baki, tana cewa "sannu, sannu ɗan nan, yi haƙuri," daidai yadda take yi mana. Ni kuma ina zaune ina ƙirga numfashin Ilu. Ya ja ɗaya, ya daɗe, ya ja wani. Na so in yi ihu in ce Inna ki bar ɗan wasu, naki yana mutuwa a hannuna. Wallahi a lokacin na tsani Inna. Hawaye na zuba a fuskarta, amma hannunta bai yi sauri ba, bai tsallake ko'ina ba, har ta gama bayan nan duka.

Gunjin ya tsaya. Yaron ya yi ajiyar zuciya.

A cinyata kuma Ilu ya ja numfashi, na jira na gaba, bai zo ba.

Na ce, "Inna."

Matar ta mayar da goyonta, ta ɗaure. Ta taho wurina da ƙafafun nan nata. Wani sanyi ya riga ta isowa. Ta sunkuya, ta zura hannu cikin rigar Ilu, ta ɗora a bayansa. Ilu ya zabura, ya ƙwalla ƙara. Ban taɓa jin daɗin ihu ba kamar wannan.

Ta ce, "Ba zan ɗauke shi ba. Amma su raba ciwon. Rabi nawa, rabi naku." Ta dubi Baba. "Shiga ka riƙe sitiyari. Kada ka taɓa inji. Kada kowa ya waiwaya."

Muka shiga. Inna ta jawo ni gaba, ta cusa kaina a cikinta. Baba ya riƙe sitiyari. Sai Kwaɗo ta motsa. Babu ƙarar inji, babu fitila. Tafiya kawai take, da gudun da ba ta taɓa yi ba ko a kan kwalta. Taɓo na fallatsa, reshe na dukan tamfol. A bayanmu ina jin numfashi, na mutane da yawa, kamar masu turi. Baba yana kallon gaba, leɓensa na motsi. Inna ta danne kaina har na kasa haɗiye yawu.

Tafiyar da ke cin awa biyu, muka ji kiran sallar isha'i muna ƙofar asibiti. Nan Kwaɗo ta tsaya cak.

Aka yi wa Ilu allurar maciji, aka ƙara masa jini. Da ma'aikaciyar jinya ta cire masa riga, sai ta daka wa Inna tsawa, wai wace irin uwa ce za ta bar yaro ya ƙone haka. Rabin bayansa ya saɓule, daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu. Ruwan nan ko ɗigo bai taɓa shi ba, yana cikin mota. Inna ta buɗe gwangwanin, da sauran mai rabi, ta fara shafawa.

Ilu ya rayu. Kun taɓa ganin Yaya Ilu ya tuɓe riga, ko a rafi, ko cikin zafin walda? To, shi ya sa. Kuma har yau bai san cewa shirun da na yi ne yake ɗauke da shi a baya ba. Ni na sani. Duk ranar da na ga yana sosa kafaɗar nan ta cikin riga, abinci ba ya shiga mini.

Kwaɗo kuwa ba ta sake tashi ba. Makanikai uku suka buɗe ta, suka ce lafiyarta ƙalau. Da rani ya yi aka jawo ta da shanu, ta babbar hanya, aka ajiye ta inda kuke ganinta. An zo saye ya fi sau goma, Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi Fadamar Tsamiya shi kaɗai, ko da rana tsaka, ko an ce masa ta fi kusa. Kuma ruwan zafi, ko na kofin shayi ne, ba a zubar da shi da baki a rufe.

Mubina, daina kukan nan, ba zai gyara komai ba. Tashi ki ɗauko gwangwanin man kaɗanya a ɗakin Inna, yana kan taga. A'a, ba ke kaɗai za ki bayan ɗakin ba, tare za mu je. Sagir, yi shiru mana. Na ji. Tun ɗazu nake jin ihun nan daga bayan ɗaki, kuma kun san babu jariri a gidan nan.