Kabewar Zahar

"Riƙe ta da kyau!" Mama Odarka ta dangwara wa Yarina kabewa a hannu. "Yana shigowa ki miƙa masa, a wuce wurin."

Yarina ta ƙura wa kabewar ido. A al'adarsu, duk saurayin da budurwa ta miƙa wa kabewa, ai an ƙi shi ke nan, garin kuma sai ya sha dariya.

"Mama, Miron ne fa..."

"Miron ɗinki ya ƙare a tashar nukiliya! Gubar tana cikin jininsa. Takaba kike so da ƙuruciyarki?"

Zahar mai tuƙa tarakta, wanda shi ma yake neman auren Yarina, yana jingine da ƙofa, sai murmushi yake. Shi ya tsinko kabewar daga gonarsu, wai shi mai taimako!

Ranar da tashar ta fashe, kowa gudu yake, injiniya Miron ya koma ciki ya rufe bututun ruwa. Daga nan sai asibiti, aka hana ziyara. Aka yi shuka, aka girbe alkama, Yarina tana yi wa tawul ɗin baikonsu, wanda budurwa ke ɗaura wa saurayin da ta amince da shi, ado da jan zare tana hawaye. Kai, kewa ba ta da tausayi!

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Miron ya shigo. Ya rame, ba gashi ko ɗaya a kansa. Amma idanun nan dai nasa ne.

Ya dubi kabewar, ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Ba ni, 'yar tsuntsuwata. Ita na zo karɓa."

"Me ka ce?"

"Likitoci ba su yi mini alkawarin komai ba. Gara a yi mini dariya da in bar ki da kuka..."

"Ka ji mai hankali!" in ji Zahar.

Yarina ta tako a hankali. Miron ya miƙo hannuwansa masu tabon ƙuna.

Ta wuce shi.

Ta danna wa Zahar kabewar a ƙirji.

"Ungo kayanka, ka gaida gida!"

Mama ta dafe kai. "Yarina! Kin haukace?"

Ita kuwa ta zaro tawul ɗin daga cikin rigarta, ta ɗaura a damtsen Miron, ta ƙulle tamau.

"Kukan ai na riga na yi shi, masoyina."

"In shekara ɗaya ta rage mini fa?"

"To tawa ce. Zauna ka sha miya, ta fara hucewa."