Takalmin da Ba Ya Lanƙwasa

"Cire min shi, Noemi!"

Leandro ya buga sandarsa a daɓen kicin. Noemi na tsugune gabansa, hannunta kan takalmin robar da ke riƙe masa idon sawu. Tun hatsarin babur ƙafarsa ta hagu ke jan ƙasa.

"Rabin raina, wannan ba zai bari ka faɗi ba..."

"Ba ya bari in yi komai! Mai lanƙwasawa nake so."

Ita ce fa ke shirin jarrabawar lasisin aikin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, kanta cike da littafi. Ita ta nace wa likitansa a ba shi sandararren takalmi, kuma ta san dalilinta bai wuce tsoro ba. Kullum mahaifiyarta na ce mata, "Jinya za ki aura ko miji? Ga ɗan gidan Montoya, likitan haƙori, ƙafa biyu lafiya lau!" Faɗuwa ɗaya a gaban Mama, magana ta ƙare.

"Idan ya zo miki a jarrabawa," Leandro ya ce a hankali, "mutum gwiwarsa da ƙarfi, tafin ƙafar ne kawai ke saki... me za ki zaɓa?"

Kunya ta kama ta.

"Mai lanƙwasawa."

"To ni me na yi miki?"

"Wancan a takarda yake, Leandro. Kai kuwa ina son ka."

Da kanta ta mayar da shi asibiti aka sake gwaji, aka ba shi mai lanƙwasawa.

Ranar Lahadi bayan coci, dangi sun cika gidan su Noemi a birnin Albuquerque, ana gasa barkono a tsakar gida. Leandro ya jingina sandarsa da bango. Noemi ta yi saurin miƙa hannu.

"Kar ki taɓa ni."

Ya fara durƙusawa, idon sawun na lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Jikinsa na rawa, gumi na zuba, Mama ta tsaya da ludayi a hannu. Sai da gwiwarsa ta dama ta taɓa ƙasa ya ciro zobe daga aljihu.

"Wancan sandararren ne ya hana ni wannan. Ba zan nemi aurenki a tsaye ba."

Noemi ta fashe da kuka.

"Ki amsa mana, yarinya!" Mama ta daka mata tsawa, muryarta na rawa. "So kike ya kwana a ƙasa?"

"Na yarda... na yarda!"

Ta ɓoye hannuwanta a baya, ta bar shi ya miƙe da kansa.