Angon da Ya Tare

A bakin dam ɗin Zobe suka haɗu, wajen mai soya kifi. Rilwanu, malamin makaranta ɗan Kurfi, ya tambayi budurwar, Batula, aikinta don dai ya sami abin faɗa. Mu maza mun sha jawo wa kanmu irin wannan.

"Zinariya ake mayarwa tururi," in ji Batula. "Ƙwayoyin zarra 'yan kaɗan su dunƙule, a harbe su da hasken leza, elektron ya fice. Gudunsa ke gaya mana irin riƙon da aka yi masa."

Bai gane ba, amma ya karɓi lamba.

A jami'ar Dutsin-Ma lissafin kawai take yi a kwamfuta, na'urar gwajin kanta tana Jamus. Ana gab da sa ranar aurensu aka ba ta gurbin digiri na uku a can.

Alhaji Ummaru, mahaifin Rilwanu, ya ce sam. "Matar da ba za ta tare ba, amfanin me? Ga Jannat 'yar ƙanwata, ko Katsina ba ta son zuwa."

Labarin Jannat ya riga Rilwanu isa kunnen Batula. Ta tura masa saƙo: "Malam, Allah ya sanya alheri. Ba zan bar aikina ba, kuma ba zan roƙe ka ba."

"Tauraruwata, wa ya ce ki roƙa? Duk hasken da za su harbe ni da shi ba zan fice ba. Auna ki gani."

"Ashe kana saurare."

"Rabi-rabi."

Da safe ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, tarewa ce matsalar?"

"Ita ce."

"To ni zan tare."

"Kai? Namiji?"

"Ni, Baba. Na riga na ajiye koyarwa."

Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa, har sai da Hajiya, mahaifiyar Rilwanu, ta ce, "Alhaji, yaron nan tafiya zai yi. Zaɓi kawai, da albarka ko babu."

Aka ɗaura aure a Dutsin-Ma bayan sallar Juma'a. Ranar tafiya gwaggonnin Kurfi suka rako ango tasha da ƙullin daddawa da kuka, suna yi masa nasihar haƙuri da zaman gidan miji, mutane na dariya. Bai sunkuyar da kai ba.

Mota na shirin tashi da ango da amarya, Alhaji ya leƙo ta taga.

"Batula, ga shi nan amana. Ko shayi bai iya dafawa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ki sa'ar abin da kika je nema."

"Amin, Baba," suka ce tare.